Yadda Magidanci Zai Gane Gidansa Ya Fara Tsiyacewa, da Abin da Zai Yi Kafin Gona Ta Tafi

Gida yakan shafe shekara biyu ko uku yana raguwa kafin maƙwabta su lura, kuma sau da yawa maigidan ne na ƙarshe da zai yarda cewa abin da ake ciki ya wuce matsin wata ɗaya. A karkarar ƙasar Hausa, daga Katsina zuwa Maraɗi, raguwar tana da tsarin da kusan kowa ya taɓa gani a gidan wani: a fara rage cefane, a sayar da kaji da awaki, a ci bashi, a fitar da shanun huɗa, a jinginar da gona, daga baya a sayar da ita, sannan maigida ya tafi ciranin da ba ya da ranar dawowa. A birni sunayen kayan ne kawai suke canzawa, inda keken ɗinki ko babur ko jarin shago suke tsayawa a matsayin shanu da gona. Wannan bayani na magidanci ne da uwargida waɗanda har yanzu suke da abin da za su kare.

Wasu daga cikin dalilan ba su hannun kowane magidanci. A watan Nuwamba na 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Najeriya ta bayyana cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasar, suna cikin talaucin da aka auna da abinci da lafiya da ilimi da muhalli, kuma a jihar Sakkwato adadin ya kai kashi 91. Bayan haka aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta kuma wuce 1,000 a 2024. Dalar Amurka da gwamnati take canzarwa kusan naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, hauhawar farashin abinci kuma ta zarce kashi 40 cikin 100 a tsakiyar shekarar. A ɗaya ɓangaren iyaka, juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya jawo rufe iyakar da ta tsayar da cinikin Jibiya da Illela da Maigatari na tsawon watanni. Babu lissafin cikin gida da zai sauke farashin mai ko ya buɗe iyaka. Abin da ya rage a hannun magidanci shi ne ya zaɓi abin da zai fara rasawa da abin da zai riƙe har ƙarshe, kuma a ganina wannan zaɓin ne yake bambanta gidan da ya farfaɗo bayan shekara biyu da wanda bai sake tashi ba.

Auna gidanka da kwano da buhu

Aikin farko shi ne ka daina auna halin gidanka da naira, domin a lokacin tsada naira tana ruɗar mai ita. Ma'aikacin da mafi ƙarancin albashinsa ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli na 2024 yana iya ganin an ninka masa fiye da biyu, alhali 30,000 a canjin 460 ta haura dala 60, ita kuwa 70,000 a canjin 1,500 ba ta kai dala 50 ba. Saboda haka ka tambayi kanka kwano nawa na gero ko masara abin da kake samu a rana ko a wata yake saya, ka rubuta amsar a littafi, sannan ka sake yin wannan tambaya bayan wata shida. Manomi ya rubuta watan da rumbunsa ya ƙare a bana da watan da ya ƙare bara. Idan bara hatsi ya kai har Agusta, bana kuma aka fara awo a kasuwa tun Yuni, gidan ya ragu da wata biyu ko da kuwa kuɗin da ke shiga aljihu sun ƙaru.

Ɗan kasuwa ya fi kowa bukatar wannan awo. Mai shagon da ya saro kaya a kasuwar Singa ko Kantin Kwari, ya sayar a kan tsohon farashi da 'yar ribarsa, yakan koma sari ya tarar kuɗin katan goma yanzu katan takwas suke ɗauka. A littafinsa ya ci riba, a kan kantarsa kuwa kaya sun ragu, kuma idan ya ci gaba da cefane da abin da yake kira riba, uwar kuɗin yake ci. Maganin wannan shi ne a ƙirga jari da kaya, katan nawa, buhu nawa, turmin atamfa nawa, a kuma sa farashin sayarwa bisa abin da za a biya a sari na gaba. Masu saye za su yi ƙorafi, wasu ma su koma shagon maƙwabci, amma mai sayarwa a kan tsohon farashi yana rabar da jarinsa ne ga masu wucewa.

Akwai alamomin da ba sa bukatar littafi. Idan an fara biyan bashi da bashi, ko an ɗauki jarin ƙosai ko na man gyaɗa na uwargida an yi cefane da shi ba a mayar ba, ko an fara cewa yaro ya zauna gida wannan zangon sai na gaba, ko maigida ya fara kauce wa hanyar da mai shagon unguwa yake zama, to lokacin zama a yi shawara ya yi. Kowace ɗaya daga cikinsu ta isa, ba sai sun taru ba.

Tsara abin da zai fara fita daga gida

Ka zauna da uwargida tun babu gaggawa, ku kasa abin da gidan ya mallaka kashi uku. Akwai abin da yake kawo abinci: gona, shanun huɗa da garma, amalanke, keken ɗinki, injin markaɗe, babur ɗin haya, akuya ko tunkiya mai haihuwa, da irin shuka. Akwai abin da ajiya ce kawai, kamar ragon da ake kiwo don sayarwa, da rarar hatsi, da zinare. Sannan akwai abin da shi kansa ci yake yi, kamar waya ta biyu, da janareta mai shan fetur don kallo, da motar da ba ta haya. Idan matsi ya zo, na ukun ne zai fara tafiya, sai na biyu, na farkon kuwa ba a taɓa shi sai rai na cikin haɗari. Wannan yana da sauƙin faɗa, amma abin da aka fi gani shi ne akasinsa, saboda sayar da mota ko talabijin abu ne da duk unguwa za ta gani, gonar da ke bayan gari kuwa ana iya jinginar da ita cikin dare babu wanda ya sani.

Lokacin sayarwa yana da muhimmanci kamar abin da aka sayar. A yunwar da ta auka wa Nijar a 2005, bayan fari da farin ɗango na 2004, makiyaya da manoman yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa da yawa sun riƙe dabbobinsu suna jiran sauƙi har suka rame, sannan kowa ya kai nasa kasuwa a lokaci ɗaya, daidai lokacin da gero ya fi tsada. Dabbar da a kaka za ta sayi buhu, sai ga shi ba ta sayen rabinsa. Darasin da masu kiwo suka ɗauka shi ne idan damina ta nuna ba ta yi kyau ba, a rage maza da tsofaffin dabbobi tun suna da nama, a mai da kuɗin hatsi da dusa nan take, a bar mata masu haihuwa gwargwadon abin da za a iya ciyarwa har ciyawa ta fito.

Idan abin ya kai ga gona, akwai matakai, kuma kowanne ya fi na bayansa sauƙin dawowa. Bayar da ita haya na damina ɗaya ya fi jingina, jingina ta fi sayarwa, yankar wani ɓangare kuma ya fi bayar da ita gaba ɗaya. Jingina tana da haɗarin da mutane suke rainawa: mai kuɗi yana noma gonar yana kwashe amfaninta, mai gona kuma ya rasa hanyar da zai samo kuɗin fansa, har ta kai shi ga cewa a cika masa kawai ta zama sayarwa, a farashin da mai kuɗin ya ga dama. Don haka kada a yi ta da baki. A rubuta adadin kuɗi da iyakokin gona da cewa jingina ce, a sa hannu gaban mai unguwa ko dagaci da shaidu daga dangin ɓangarorin biyu, kowa ya riƙe kwafinsa. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu wanda ya isa ya ce neman takarda rashin yarda ne.

Dukiyar mace kuma tata ce a shari'a. Idan maigida ya karɓi akuyarta ko zinarenta don fitar da gida daga matsi, bashi ne a kansa, kuma ya kamata a faɗe shi da sunansa, a sa lokacin biya. Banda hakki, akwai lissafi a ciki, domin a gidaje da yawa sana'ar cikin gida ta ƙuli-ƙuli ko fura ko ɗinkin hula ita ce take ciyar da yara a watannin da rumbu ya ƙare.

Kaka da damina

A nan ne yawancin manoma suke faɗawa, kuma abin ya daɗe. Wata mai bincike 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta lura cewa manoman da suka fi talauci sukan kai matsayin da talaucin kansa yake hana su noma. Hatsinsu yana ƙarewa kafin damina ta yi nisa, sai su tafi ƙwadago a gonakin masu hali don samun abin awo, daidai makonnin da tasu gonar take bukatar noman farko. Ciyawa ta cinye shuka, amfani ya zo kaɗan, a kaka masu bashi su taso, a sayar da ɗan abin da aka samu lokacin da ya fi araha, shekara mai zuwa rumbu ya ƙare da wuri fiye da bana. Fiye da shekara hamsin ke nan, amma duk wanda ya san ƙauye zai iya nuna gidajen da suke cikin wannan zagaye a yau.

Wurin da ya fi sauƙin karya zagayen shi ne ranar da aka kawo amfani gida. Kafin a sayar da ko tiya ɗaya, a lissafa abin da gidan yake ci a rana, a ninka shi har zuwa sabon gero, a ware wannan a rufe. A ware iri daban, a wurin da ba a buɗewa don tuwo. Sannan a ware abin da zai ciyar da gida a makonnin shuka da noman farko da maimai, domin waɗannan makonni su ne maigida da samarinsa ba za su bar gonarsu ba ko nawa ake biya a gonar wani. Bukatun kuɗi na kaka a biya su da gyaɗa da riɗi da waken suya, waɗanda dama don kasuwa aka shuka su. Wake yana da riba idan an iya ajiye shi, kuma buhun nan mai ninki uku da ba ya shan iska, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka kuma yaɗa a Najeriya da Nijar tun wajen 2008, yana kashe ƙwari ba tare da magani ba, matuƙar waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowane ninki daban.

A Nijar ƙungiyoyin manoma sun daɗe suna amfani da wata dabara da ta dace a kwaikwaya. A kaka mambobi suna zuba hatsinsu a sito ɗaya mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba su rance. Kowa ya karɓi wani kaso na darajar hatsinsa ya yi sana'ar rani da shi, kiwo ko lambu ko ƙaramin ciniki, idan ya biya kafin damina a buɗe sito ya ɗauki kayansa lokacin da suka yi daraja. Ko babu mai ba da rance, mutum goma da suka yarda da juna za su iya kulle abincin daminarsu a ɗaki ɗaya da sharaɗin ba a buɗewa sai ruwa ya sauka, saboda hatsin da ke cikin gida kowace hidima tana iya taɓa shi. Sai dai a bambanta ajiyar ci da ajiyar neman riba. A 2025 farashin masara da shinkafa ya sauka a kasuwannin Arewa, waɗanda suka ci bashi suka tara hatsi suna jiran tsada suka yi asara, amma wanda ya ajiye abin da iyalinsa za su ci bai rasa komai ba.

Abin da za a guje wa iyakar iyawa shi ne karɓar kuɗi ko hatsi a tsakiyar damina da alƙawarin biya da amfanin gona a kaka, domin mai bayarwa shi yake yanka farashi, kuma yakan yanka shi ƙasa ƙwarai. Mai zuwa cirani kuma ya tafi bayan an gama girbi, ya dawo kafin shuka, abin da ya samo ya mai da shi hatsi da taki tun rani bai ƙare ba. Idan takin zamani ya fi ƙarfinsa, hanyar da masu binciken aikin gona a Sadore kusa da Yamai suka gwada tana taimakawa, wato a sa ɗan tsunkule a kowane rami maimakon watsawa, a haɗa da takin gida.

Jinya da hidima da bashi

Wani masani ɗan Indiya, Anirudh Krishna, ya bi tarihin dubban gidaje a Indiya da Kenya da Yuganda da Peru yana tambayar abin da ya jefa waɗanda a da suke da rufin asiri cikin talauci, amsar da ta fi maimaituwa ita ce ciwo da kuɗin jinya. A Najeriya, inda fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun majinyaci yake fitowa, babu mamaki a wannan. Ciwo yana cin gida ta fuska biyu, ga kuɗin magani, ga aikin da mai ciwo da mai jinyarsa suka bari. Abin da ya fi tsada kuwa shi ne jinkiri, inda za a fara da kemis, a koma wajen mai maganin gargajiya, sai abin ya tsananta a ɗauki shatar mota zuwa babban asibiti, a biya sau uku a kan ciwo ɗaya. Zazzaɓin yaro da aka gwada aka ba shi magani a rana ta farko bai kai kuɗin kaza ɗaya ba, amma idan ya kai ga ƙarin jini sai akuya ta tafi.

Akwai abubuwan da gwamnati take bayarwa kyauta waɗanda barinsu asara ce: allurar rigakafin yara, gidan sauro a lokacin rabo, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar a watannin damina, da maganin tarin fuka. A Nijar an ayyana jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta tun wajen 2006, ko da yake magani yakan yanke a asibitoci. A Najeriya dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta shiga tsarin ga kowa, kuma jihohi irin su Kano da Katsina da Kaduna suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya da suke rajistar waɗanda ba ma'aikatan gwamnati ba. Ka je ofishinsu ko asibitin matakin farko na mazaɓarka ka tambayi kuɗin shekara da abin da yake ɗauka da abin da ba ya ɗauka. Ko ba ka shiga ba, a ware rago ɗaya ko asusu ɗaya a ce wannan na jinya ne, kada biki ya taɓa shi.

Hidimomi su ne na biyu, kuma sun fi ciwo wuyar magana domin mutum da kansa yake zaɓarsu. Abin da aure yake bukata a shari'a sadaki ne, wanda mafi ƙarancinsa a mazhabar Malikiyya rubu'in dinari ne. Akwatunan lefe da kayan ɗaki da gara da kwanakin shagali duk al'ada ce, kuma ba ƙaramin adadin iyaye ba ne suka sayar da gona don gado da kujerun da za su lalace cikin shekara biyar. Uban da zai aurar da 'ya ya kira dangin ango tun da wuri a daidaita abin da kowane ɓangare zai iya, ya kuma fifita ba ta abin da za ta juya, keken ɗinki ko tunkiya biyu, a kan abin da za a jera a kalla. Layya da ragon suna ba su hau kan wanda ba shi da iko ba, kuma babu malamin da zai ce a ci bashi da ruwa don a yi su. Uwargida ma tana da nata nauyin, wato bikin da ake ramawa da ƙari, wanda yake girma duk zagaye. Gara ta gaya wa ƙawarta gaskiya cewa bana ga iyakar abin da za ta iya, domin mai yiwuwa ita ma ƙawar jiran wanda zai fara faɗa take yi. Ƙarin aure a shekarar da kasuwa ta yi kyau kuwa shawara ce da ya kamata a auna da shekarar da kasuwa ba ta yi ba.

Game da bashi, ka rubuta duk wanda yake bin ka, ka fara biyan bashin da yake da ruwa, ka je da ƙafarka wajen sauran ka nemi lokaci kafin su aiko. Ka nisanci manhajojin rance na waya, waɗanda ruwansu yake hawa cikin makonni, idan an makara kuma su aika saƙon cin mutunci ga duk lambar da ke wayarka. Wanda matsi ya kama shi ne abin farautar masu alƙawarin ninka kuɗi, kamar yadda aka gani a rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a watan Afrilu na 2025, haka kuma shagunan cacar ƙwallo. Adashi yana da amfani, amma a lokacin tsada mai kwasar ƙarshe yana karɓar kuɗin da suka rage daraja, don haka a gajarta zagayen, kuma ranar kwasa a mai da kuɗin kaya.

Kada a rufe ƙofa

Ɓangaren da ba ya shiga littafin lissafi shi ne yadda mutum yake janyewa daga jama'a idan hannunsa ya fara bushewa. Yana daina zuwa ɗaurin aure saboda babu gudummawa, yana daina zama a majalisa, daga nan labarin aiki ko na gonar haya ko na rabon taki ya daina iso shi, alhali ta bakin mutane ake jin waɗannan. Son rufin asiri abu ne mai kyau, amma idan ya kai mutum ga jinginar da gona a ɓoye maimakon gaya wa yayansa, ya yi masa mummunan aiki. Ɗan'uwan da aka gaya wa tun ana neman buhu biyu zai iya taimakawa, wanda aka gaya wa bayan gona ta tafi kuwa sai dai ya yi jaje. A nemi taimakon da yake haihuwa: aron shanun huɗa na kwana biyu, gayya ranar noma, ko akuyar riƙo irin ta al'adar Fulani ta habbanaye, inda ake ba mutum dabba mace ya riƙe har ta haihu, ya mayar da uwar ya tsira da 'ya'yan. Zakka hakkin mabukaci ce, kuma jihohin Kano da Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin da suke tattara ta, wasu lokuta su bayar da jari ko kayan sana'a.

Yara su ne suke biyan bashin da ba su ci ba. Cire yaro daga makaranta yana rage kashe kuɗin wannan zango, amma yana mai da matsin shekara biyu ya zama na tsara guda. Idan kuɗin makarantar kuɗi sun gagara, a mai da shi ta gwamnati, ya haɗa da koyon sana'a da yamma, kada dai ya zauna. Haka nan tura yaro almajiranci gari mai nisa don a rage bakin ci, ko aurar da yarinya don wannan dalili, ya kamata iyaye su kira shi da sunansa a tsakaninsu kafin su yanke. Magada kuma su sani cewa fitar wa kowa rabonsa a shari'a bai tilasta a yayyanka gona ta zama ba ta isar kowa ba. Ana iya tantance kason kowa a rubuce, mata da maza, sannan a ci gaba da noma ta tare, ko mai zama a gari ya karɓi hayar kason waɗanda suke birni.

Akwai masifun da suke share komai a dare ɗaya, irin harin 'yan bindiga da kuɗin fansa a Zamfara da Katsina da Sakkwato, ko ambaliyar da ta mamaye Maiduguri a watan Satumba na 2024 bayan fashewar madatsar Alau. Mazaunin irin waɗannan wurare kada ya tara abin da ya mallaka wuri ɗaya. Ya kai wasu dabbobi riƙo wajen dangi a wani gari, ya raba ajiyarsa tsakanin hatsi da asusun banki da ɗan kuɗi a hannu, tunda ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya nuna cewa ko mai kuɗi a banki yana iya rasa abin cefane. Ya ɗauki hoton takardun gona da na gida da katin ɗan ƙasa ya tura wa wani amintacce, domin rajistar tallafin masu gudun hijira da da'awar fili bayan an dawo duk takarda suke nema. Uwargida da babban ɗa su san wa ake bi da wa yake bin gidan.

Wanda gonarsa ta riga ta tafi jingina ya fara da abincin damina mai zuwa, ya karɓi haya ko aron ƙaramin fili da zai iya nomewa da hannunsa a kan lokaci, ya nemi aikin rani a fadama ko wuraren ban ruwa irin na Kadawa da kwarin Haɗeja. Ya mayar wa uwargida jarinta kafin komai, saboda shi ne mai saurin juyawa, sannan a sayi dabba mace. Kuɗin fansar gona kuma ya nemi a rubuta cewa zai riƙa biyansu kashi kashi duk kaka, a gaban shaidun da aka yi jinginar, a kuma sa hannu a bayan takardar duk lokacin da aka karɓi wani abu.